Kafin Fenti Ya Hau Ƙarfe

Idan fenti ya tashi daga jikin tankin ruwa ko ƙofar gida bayan damina biyu, kowa fentin yake zargi. A ce jabu ne, ko a ce mai fentin ya cika masa fetur. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa ɓarnar tana ƙasa da fentin, a fatar ƙarfen da aka shafa wa, kuma an riga an yi ta tun kafin a buɗe gwangwani.

Ƙarfen gini, faranti ne ko bututu ko dogon ƙarfen rufi, da zafinsa ake murza shi a masana'anta, yana ja wur. Yana hucewa iska tana cin bayansa, sai ya yi wani ɓawo baƙi mai ɗan shuɗi-shuɗi da sheƙi. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka kariya ce, tunda da shi sabon ƙarfe yake zuwa kasuwa. Ɓawon nan ya fi ƙarfen gautsi. Rana ta buga, ƙarfe ya buɗe. Dare ya yi, ya tsuke. Ɓawon ba ya iya bin sa, sai ya tsattsage. Danshi ya shiga ta tsagar, tsatsa ta kama aiki daga ƙasa, ta ɗaga ɓawon tare da duk fentin da ke kansa. Ƙari a kan haka, ɓawo da ƙarfe da danshi idan suka haɗu ƙaramin batir suke zama, kuma ƙarfen ne ke ciwuwa, shi ya sa ake ganin ramuka masu zurfi daidai inda ɓawon ya tsage. Buroshin waya ba ya cire wannan ɓawo, goge shi yake yi ya ƙara masa sheƙi. Samfefa tana ɗan taɓawa, amma wa zai yi wa gada ko jirgin ruwa samfefa? A 2016 ƙungiyar masana tsatsa ta NACE ta ƙiyasta cewa tsatsa na jawo wa duniya asarar dala tiriliyan 2.5 a shekara, kimanin kashi 3.4 cikin 100 na duk abin da duniya ke samarwa. Wani kaso na wannan asara daga nan yake farawa.

Maganin da masana'antu suka tsaya a kansa shi ne a yi wa ƙarfen ruwan ƙananan ƙwayoyi masu tauri, a jefe shi da su da gudu har ɓawo da tsatsa da tsohon fenti su kakkaɓe, fatarsa ta fito fes. Wani Ba'amurke ɗan Filadelfiya, Benjamin Tilghman, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1870, kuma da yashi aka fara. Yashi yana aiki, ga araha. Sai dai idan ya daki ƙarfe yana farfashewa ya zama ƙura mai laushin da ido ba ya gani, ta shiga huhu ta zauna, huhun ya yi tabo ya ƙandare. Cutar ana kiranta silikosis, kuma har yau ba ta da magani. Birtaniya ta hana wannan aiki da yashi a 1949. Turkiyya ta hana shi a masana'antun wandon jins a 2009, bayan samarin da ke koɗar da wanduna da feshin yashi sun yi ta mutuwa. Duk wanda ya ga ana feshi da yashin rafi, ma'aikaci ya ɗaura ƙyalle a hanci kawai, ya sani rai ake sayarwa a wurin da arha.

Abin da ya gaji yashi shi ne ƙwayar ƙarfe, wadda ba ta fashewa da bugu ɗaya, ana iya tara ta a sake jefawa sau ɗaruruwa, har dubbai. A 1932 kuma kamfanin da aka sani da Wheelabrator a Amurka ya fito da farfelar jifa, injin da ba ya buƙatar iska. Daga nan sana'ar ta zama yadda take a yau, kuma a jikin wannan farfela ne na fi ganin hikimar aikin.

Ka ɗauki wani faifan ƙarfe mai kauri da fukafukai, galibi takwas, a jere daga tsakiya zuwa baki. Injin lantarki yana juya shi kusan sau 3,000 a minti ɗaya. Ƙwaya tana gangarowa daga rumbunta ta bututu, ta faɗa tsakiyar faifan, inda wata ƙaramar farfela ke jiran ta. Ita ƙaramar ba jifa take yi ba, ɗaukar ƙwayar take yi ta sa ta fara juyawa. Kewaye da ita akwai wani gwangwani mai taga ɗaya a gefe, wanda ba ya juyawa ko kaɗan. Shi ake kira kejin saiti. Ta wannan taga kaɗai ƙwaya ke iya fita. Tana fita sai fiffiken da ke wucewa ya tare ta a gindinsa, ta zame a kansa tana ƙara gudu har ta kai baki, ta fice da gudun kusan mita 80 a daƙiƙa, wato kusan kilomita 290 a awa. Farfela matsakaiciya tana jefa fiye da kilo 100 a minti ɗaya, kuma a kilo guda na matsakaiciyar ƙwaya akwai ƙwayoyi dubu ɗari-ɗari. Babban inji yana iya ɗaukar farfela huɗu, ko takwas, ko fiye, sama da ƙasa, faranti yana wucewa a tsakaninsu a kan nadi. Yana shiga da jan tsatsa, yana fita da launin toka mai haske.

Taga ɗayan nan ita ke yanke inda ruwan ƙwayar zai sauka. Ka juya kejin kaɗan, wurin saukar ya matsa da yawa. A cikin shimfiɗar da ƙwaya ke sauka akwai wani yanki inda bugun ya fi yawa, masu sana'ar suna ce masa wuri mai zafi, kuma da gaske zafi yake yi. Ga yadda gwani yake nemo shi. Zai kashe sauran farfeloli ya bar ɗaya. Ya ajiye wani farantin gwaji daidai inda kaya ke wucewa, ya rufe ɗakin injin, ya saki ƙwaya na kamar rabin minti, ya tsayar, ya jira komai ya lafa, ya kulle makunnin wuta kafin ya buɗe. Sai ya bi farantin da ma'aunin zafi, ko da bayan hannu a hankali, har ya sami inda ya fi ɗumi, ya zagaye shi da alli. Idan alamar ta faɗa tsakiyar inda kaya ke bi, madalla. Idan ta kauce, sai ya sassauta notin keji, ya juya shi ɗan kaɗan, ya ɗaure, ya sake gwaji da wani farantin. Haka zai bi farfelolin ɗaya bayan ɗaya. Bayan ya gama ya yi alama a jikin murfi ya rubuta a littafi.

Wannan aiki ba a yin sa sau ɗaya a huta, domin tagar kejin kanta ƙwaya na cin bakinta kullum. Tana faɗaɗa, ruwan ƙwayar yana bazuwa, wuri mai zafi yana gusawa. A injin da ba a kula da shi, za ka tarar rabin ƙwayar bangon ɗaki take duka, kaya suna fita da tabon tsatsa a gefe ɗaya. Mai son sauƙi abin da yake yi shi ne ya rage gudun nadi ko ya sake mayar da kayan zagaye na biyu. Kaya za su fita da tsabta, amma an ninka kuɗin wuta, an ninka cin ƙwaya, bango kuma yana ta ƙwaƙulewa. Rabin awa da alli da farantin gwaji da ta hana wannan duka.

Fukafukan ma suna da nasu ilimin. Ƙwaya tana sassaƙa musu kwari a fuska, kuma fiffike mai kwari ba ya jifa daidai. Idan za a canza, duka ake canzawa lokaci guda, da saiti wanda aka auna nauyinsa ya zo ɗaya. Wanda ya canza biyu ya bar shida don tsimi, faifan zai rinjaya gefe, ya kama kakkarwa, ya kashe boris. Tsohon ma'aikaci daga ƙofar masana'anta yake jin wannan kakkarwar a cikin rugugin injin.

Akwai kuma wani agogo a jikin allon inji wanda baƙo ba zai kalla sau biyu ba, mai nuna yawan wutar da injin farfela ke ja. Farfela mai jifa da cikakken kaya tana jan wuta daidai da abin da aka rubuta a jikin injin. Idan allura ta sauka ƙasa da haka, ƙwayar da ke fita ta ragu. To amma me ya rage ta? Abu biyu ne masu kishiyantar juna suke ba da alama iri ɗaya: ko ƙwaya ba ta isowa, ko kuma ta yi yawa har ta shaƙe tsakiyar farfelar. Gwani ba ya kwance inji don ya gano. Rufe bakin bututun ƙwaya yake yi, idonsa a kan allura. In ta faɗi kai tsaye, yunwa ce, sai a duba rumbu da bututu. In ta ɗan yi tsalle sama kafin ta faɗi, shaƙewa ce, farfelar ta sami sararin kwashe abin da ya cushe mata. Daƙiƙa biyu na lura sun raba matsala biyu. Irin wannan sani ne yake sa na girmama masu wannan aiki, don babu wanda ke yaba musu a kansa, kuma shi ne ke riƙe da masana'antar.

Ita kanta ƙwayar iri biyu ce. Akwai mulmulalliya, wadda ake samu ta hanyar tarwatsa narkakken ƙarfe da ruwa mai ƙarfi, ɗigon ya daskare a dunƙule, a sake gasa shi a daidaita taurinsa. Akwai kuma tsakin ƙarfe, wato mulmulalliyar da aka ƙara wa tauri aka farfasa ta ta yi kusurwoyi. Mulmulalliya dukan guduma take yi: tana fasa ɓawo, tana kakkaɓe yashin da ya manne a jikin kayan zubi irin su bulok ɗin inji, tana barin fata mai ƙananan loɓa masu santsi. Tsaki yanka yake yi, yana barin fata mai kaushi da tsini, irin wadda fenti mai kauri ke so ya kama. Kowane buhu yana da lamba. S230 mulmulalliya ce mai faɗin kimanin milimita 0.6, S780 kuma ta kai milimita 2. Tsaki da harafin G ake rubuta shi, kuma a nan lissafin juyawa yake yi, G80 ya fi G25 laushi.

Sabon shiga yakan ɗauka babbar ƙwaya ta fi aiki. Lissafi bai goyi bayansa gaba ɗaya ba. Idan ka ninka faɗin ƙwaya sau biyu, nauyinta ya ninku sau takwas, bugunta ya yi ƙarfi, amma yawan ƙwayoyin da ke cikin kilo ɗaya ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin takwas. Bugu mai ƙarfi, wurare kaɗan. Ƙa'idar masu sana'a ita ce a zaɓi mafi ƙanƙantar ƙwayar da za ta iya fasa dattin da ke gabanka. Kuma abin da ke yawo a cikin inji mai lafiya gauraye ne. Sababbi manya suna fasa ɓawo, matsakaita da suka ɗan ci suna share abin da aka fasa, ƙanana suna shiga ramukan tsatsa inda manyan ba sa isa. Wannan gauraye ba a sayen sa a buhu, a cikin inji yake haɗuwa a hankali, kuma kiyaye shi shi ne rabin sana'ar. Ana kiyaye shi da ƙari kaɗan-kaɗan a kai a kai, kada rumbu ya sauka sosai. Wanda ya bari rumbu ya kusa ƙarewa sannan ya juye buhuna goma lokaci ɗaya, kayan ranar Litinin za su fita da kaushi mai yawa, na ranar Juma'a su fita da santsi, mai fenti kuma ya rasa dalilin da aikinsa ke bambanta. Shi ya sa ma'aikaci mai kula yake ɗiban ƙwaya daga inji lokaci-lokaci, ya zuba a jerin rariyoyi da aka ɗora bisa juna, mai manyan huji a sama, ya girgiza, ya auna abin da ya tsaya a kowace, ya rubuta. Daga waɗannan lambobi yake gane lafiyar injin kafin kaya su nuna.

Ƙwayar da ta daki ƙarfe ta faɗi ƙasa ba ita kaɗai take faɗuwa ba. Tana tare da garin tsatsa, da ɓawo, da yashi, da gutsattsarin 'yan'uwanta da suka mutu. Wani dogon ƙarfe mai murɗe yana tura su duka zuwa gefe, bel mai jerin ƙananan guga ya kwashe su ya hau da su can saman inji. Abin da ke faruwa a can duk wadda ta taɓa shiƙar gero a masussuka ta san shi: a ɗaga ƙwarya a zubo, iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta sauko ƙasa. A inji ana baza kayan su zubo ta wani dogon baki su zama labule siriri, fanka tana jan iska ta ratsa labulen. Ƙura mai laushi ta bi iska zuwa matatar ƙura. Gutsattsari da yashi iska ta ɗan karkatar da su su faɗa bututun shara. Ƙwaya mai nauyi ta sauka miƙe cikin rumbu, ta koma farfela.

Sharaɗin shi ne labulen ya cika faɗinsa daga gefe zuwa gefe, kaurinsa ɗaya. Iska ba ta son wahala. In ta sami giɓi a labulen ta nan za ta bi duka, sauran ya wuce ba a tace shi ba. Don haka gwani yakan hau tsani ya buɗe murfi ya kalli labulen da idonsa, ya daidaita ƙarfen da ke danne bakin har zubar ta yi daidai. Sannan ya sauko ya tara hannu a bututun shara. In ya ga ƙwaya mai kyau a ciki, iska ta yi yawa, kuɗi ake zubarwa. In kuma ya damƙi ƙwaya daga rumbu tafin hannunsa ya yi baƙi, iska ta yi kaɗan, datti yana komawa farfela. Yashi ya fi komai illa a nan, ɗan kaɗan ɗinsa yana cinye fukafukai da keji da sauri, shi ya sa masana'antun zubi suke ƙara maganaɗisu ya ware ƙarfe daga yashi. Wannan inji cin kansa yake yi duk lokacin da yake aiki. Don a rage masa, ana lulluɓe bangon ɗakin da wani ƙarfe mai manganis kimanin kashi 12 zuwa 14 cikin 100, wanda Robert Hadfield ya haɗa a Shafil ta Ingila a 1882. Halinsa shi ne duka yana ƙara wa fatarsa tauri.

Ba kowane kaya ke shiga ɗaki ba. Gada, da cikin tanki, da jikin jirgin ruwa, dole mutum ya je musu da tiyo a hannu, kwamfaresa tana tura iska, iska tana ɗauke da ƙwaya. A nan ma gyaran a ƙananan abubuwa yake. Ana so ƙarfin iska ya kai kimanin 7 a ma'aunin "bar" a bakin nozul, wato kan tiyon, kuma a nan gwani yake aunawa, ta hanyar soka allurar geji a tiyo dab da nozul ɗin, don abin da agogon kwamfaresa ke nunawa ba shi ke isowa ba bayan doguwar tafiya a tiyo. Nozul kuma huji ne da ke faɗaɗa kullum, ko da an yi cikinsa da abu mai taurin gaske. Da ya ƙaru da kamar milimita ɗaya da rabi sai a canza, in ba haka ba iska ta yi rauni. Kafin a fara aiki ana fesa iskar zalla a farar takarda na ɗan lokaci. Ɗigon mai ko ruwa ya bayyana, ba za a fara ba sai an gyara matata. A hannun ma'aikacin akwai wani maƙulli da dole ya danne kafin ƙwaya ta fito. Ya saki, ko ya faɗi, komai ya tsaya. Masu ɗaure shi da waya don hannu ya huta suna wasa da ƙafafunsu da na abokan aikinsu. A kansa kuma akwai hular kwano rufaffiya da ake turo wa tsabtatacciyar iska daga waje.

Kafin duk wannan, mai da giris sai an wanke su da sinadari, don ƙwaya ba ta cire mai, baza shi take yi ta kuma gurɓata kanta. Tartsatsin walda sai an kankare. Kaifin gefen faranti sai an dakushe shi da injin gurza, saboda fenti yana gudun kaifi ya bar shi da siririn rufi.

To yaya ake sanin aiki ya yi? Ba a barin wannan ga gardama. Akwai littafin hotuna, asalinsa daga Suwidin, wanda ya zama ƙa'idar duniya mai lamba ISO 8501-1. Ya kasa tsatsar ƙarfe kashi huɗu, daga A, sabon ƙarfe mai cikakken ɓawo, zuwa D, wanda tsatsa ta rarake. Ya kuma kasa tsabta hawa-hawa. Sa 1 shara ce ta sama-sama. Sa 2 an cire mafi yawa. Sa 2½ babu abin da ya rage sai ɗan dishi-dishin tabo. Sa 3 ƙarfe ne zalla, launi ɗaya. Yawancin manyan ayyuka Sa 2½ suke nema. Mai duba aiki yana buɗe littafin ya kara hoton kusa da ƙarfen cikin haske mai kyau.

Tsabta ɗaya ce daga cikin abubuwa huɗu. Na biyu kaushi. Fenti yana buƙatar tuddai da kwaruruka da zai riƙe, kuma zurfinsu da maikiron ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ayyuka da yawa suna neman tsakanin 50 da 75. In ya gaza, fenti ba ya kamawa. In ya zarce, tsinin tuddan suna leƙowa ta cikin fentin farko, tsatsa ta fito ɗigo-ɗigo. Ana manna wani ɗan tef mai laushin ciki a kan ƙarfen, a murza bayansa har ya ɗauki siffar fatar, a ɓare a auna kaurinsa, a debe maikiron 50 na ledar bayansa. Abin da ya rage shi ne zurfin. Na uku ƙura: a manna salatif mai haske, a ɓare, a liƙa a farar takarda, a ga abin da ya ɗauko. Na huɗu shi ne wanda ido ba ya gani sam, gishiri. Ƙarfe zai iya yin fari tas alhali gishiri na kwance a gindin ramukansa, kuma gishiri yana jawo ruwa ta cikin fenti har ya kumbura ya yi bororo. Ana manna wata 'yar leda mai aljihu, a ɗura mata tataccen ruwa da sirinji, a zuƙe, a auna yadda ruwan ke ɗaukar lantarki. A tankunan ruwan da ke daidaita nauyin jiragen ruwa, ƙa'ida ba ta yarda gishiri ya wuce miligiram 50 a murabba'in mita ɗaya ba.

Sai kuma agogo ya fara gudu. Ƙarfen da aka feshe tsirara yake, ya fi kowane lokaci saurin kama tsatsa. Galibi ana so fentin farko ya hau cikin kamar awa huɗu. Ba a feshi ko fenti idan danshin iska ya haura kashi 85 cikin 100, kuma dole zafin ƙarfen ya ɗara zafin da raɓa ke sauka da aƙalla digiri 3, in ba haka ba wani siririn gumi da ba a gani zai kwanta a kansa. Mai aiki a Legas ko Fatakwal da danshi da gishirin teku yake fama. Mai aiki a Kano ko Damagaram lokacin hunturu ya huta da danshi, amma ƙurar da ke sauka tsakanin feshi da fenti ita ce abokiyar gabarsa, sai ya rufe wurin ya hure ƙarfen da busasshiyar iska dab da shafawa. Bututun gas irin na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, ba a binne irinsa sai kowane tsayi ya bi ta wannan feshi da waɗannan gwaje-gwaje kafin a lulluɓe shi, domin abin da aka binne ba a dawowa a gyara masa fenti.

Gadar jirgin ƙasa ta Forth a Sikotlan ta nuna abin da wannan haƙuri ke saye. An buɗe ta a 1890, kuma fiye da shekara ɗari masu fenti ba su rabu da ita ba, ana shafa sabo a kan tsoho. Daga 2002 aka canza hanya. Aka riƙa lulluɓe ta sashe-sashe don tsohon fenti mai dalma kada ya zuba a ruwa, aka feshe ta har ƙarfe zalla, sannan aka yi mata shafi uku na irin fentin da ake yi wa rijiyoyin mai na teku. Lita 240,000 aka shafa. Aikin ya ƙare a Disamban 2011, da sa ran gadar ba za ta sake neman cikakken fenti ba sai bayan shekara 25 ko fiye.

Akwai wani reshe na sana'ar da ba ruwansa da fenti ko tsatsa. Sifirin ɗin tirela, da haƙoran giya, da sassan injin jirgin sama, ba tsatsa ce ta fi kashe su ba, gajiya ce. Lanƙwasa da miƙewa sau miliyoyi suna buɗe wata 'yar tsaga a fata, ta yi ta shiga ciki har ƙarfen ya karye rana ɗaya. Tsaga tana buɗewa ne inda fata ke a miƙe. Idan aka yi wa fatar ruwan mulmulalliyar ƙwaya, kowace ta bar 'yar loɓa, fatar tana neman faɗaɗa, naman ƙarfen da ke ƙasa yana riƙe ta, sai ta zauna a matse. Fata a matse ba ta ba tsaga hanya cikin sauƙi. A wannan aiki fasasshiyar ƙwaya haramun ce, don kaifinta zai yi yankan da tsaga za ta fara daga gare shi, saboda haka ana tace gaurayen a fitar da duk wadda ba ta mulmule ba.

Matsalar ita ce matsewar ba a ganin ta. John Almen, injiniya a kamfanin General Motors, shi ya samo hanyar auna ta a shekarun 1940. Ɗan falle ne na ƙarfen sifirin, tsawonsa milimita 76, faɗinsa 19. Ana ɗaure shi da noti huɗu a kan wani dunƙulen ƙarfe, a ajiye shi daidai inda kaya za su sha duka, a feshe fuska ɗaya. Ana kwance notin sai ya lanƙwashe, bayansa ya turo ta ɓangaren da aka daka. A ɗora shi a kan geji a karanta tsayin lanƙwasar. Falle ɗaya ba ya isa. Ana gwada aƙalla huɗu, kowanne a ƙara masa lokaci, a zana sakamakon a takarda, a nemo inda ninka lokaci sau biyu ba ya ƙara lanƙwasar fiye da kashi 10 cikin 100. Lanƙwasar wannan wurin ita ce ƙarfin dukan injin. Bayan haka ma'aikaci ya ɗauki gilashin ƙara girma ya bi fatar kayan kansu, lungu da saƙo, ya tabbata loɓa ta rufe ko'ina. Ya rubuta lambar kayan da kwanan wata a jikin kowane falle ya adana. In lanƙwasar ta fita daga iyakar da injiniya ya rubuta a zane, kayan ba sa barin masana'anta, sai an koma kan keji da farfela da rariya an gano abin da ya gusa.